Kujera Biyu

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Bradford,
yayyafi na lallashin taga.
Ni da kwamfuta da shayin da ya huce
muna ƙirga mutane.

Ɗari da ashirin, in ji Misis Hollis mai kula da zaure,
ta nuna takardar 'yan kwana-kwana a bango:
ko jaririn goye kai ne, a ƙirga shi.
Na ce mata to.
Ban gaya mata a Funtuwa ba ma ƙirga baƙi ba,
in tabarma ta cika a aro ta maƙwabta,
in miya ta yi kaɗan a ƙara mata ruwa,
kowa ya ci ya sa albarka.

Nan kuwa na'ura ce mai gadin ƙofa,
ba ta amsa sallama, ba ta jin kunyar suruki.
Ɗari da sha takwas sun cika, sun biya fam goma-goma,
tikitin walima ya sauka a wayoyinsu.
Mutum sha huɗu na layin jira.
Hansatu ta bugo sau uku daga Leeds:
ke ce fa sakatariya, ki taɓa wani abu mana.

Sai shafin da ba na son buɗewa,
na waɗanda suka faro ba su ida ba.
Minti sha biyar ake riƙe musu kujera
sannan a saki, kamar ɗan tireda da ya gaji da tayi.
Wani ya bar rabin sunansa, wataƙila bas ce ta iso.
Wata ta tsaya a wurin biya;
wata ya yi nisa, na gane.
Tijjani ya manta kalmar sirri, yadda ya saba.

Amma suna ɗaya ya dawo sau biyar.
Malam Inuwa Gwarzo, tsohon direban layin Keighley.
Litinin, Talata, Laraba bayan asuba,
jiya sau biyu.
Yakan cika komai tsaf,
suna, lambar waya, titi, har lambar gida,
a tambaye shi mutum nawa, ya danna biyu,
sai gurbi na gaba ya ce: sunan abokin zuwa?
Nan yake tsayawa.
Agogo ya cinye mintocinsa, kujerun su koma kasuwa.

Barira ta rasu cikin azumi.
An rufe ta a Scholemoor, ƙasa jiƙe, sanyi har ɓargo.
Ita ke zuwa da zoɓo mai citta a jarka biyu,
shi yana biye da kofuna, yana mita,
tana ce masa rufe bakinka ka riƙe min ƙofa.
Shekara ashirin da shida.
Yatsa ma yana da sabo.

Na'ura ta rubuta a gefen sunansa: bai kammala ba.
Har shawara ta ba ni,
wai in tura masa tunatarwa.
Me zan tuna masa wanda ya manta?

Ba ni da ikon faɗaɗa zaure,
bangon Misis Hollis ba ya jin roƙo.
Kujera biyu suka rage, Hansatu da ƙanwarta na jira,
kuma su ma suna da gaskiya.
Gobe dai zan hau bas zuwa Manningham,
zumunta a ƙafa take, ba ta bin intanet.

Amma daren nan sai na shiga da maɓallina,
na rubuta sunansa, titinsa, lambar gidan da na sani,
na danna biyu.
Gurbin ya buɗe baki yana jira na.
Ɗan layin nan yana ƙiftawa, yana ƙiftawa.

Saura minti tara.
Ni ma ga ni tsaye inda yake tsayawa.